Ofishin lauyan da na samu ta WhatsApp, da yadda kuɗin albasata suka fito

Tun bayan sallah mutane ke tare ni a kasuwar Mile 12 ta Legas suna tambaya wai ya aka yi kamfanin nan da ya riƙe min kuɗin albasa ya biya ni, wasu ma har gida Agege suke biyo ni da daddare, toh na ga gara in zauna in rubuta komai sau ɗaya yadda ya faru, mai daɗi da mara daɗi, duk wanda ke da irin matsalata ya karanta ya yi wa kansa hukunci. Ba zan kama sunan ofishin ba saboda akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma bana son a ce talla nake ko ɓatanci.

Ni dai sana'ata albasa. Daga Aliero muke ɗauko yawancinta, wani lokaci Sakkwato, tirela ta sauke mana a kasuwa mu sayar wa ƴan sari. Shekara goma sha ɗaya kenan ina tare da Kawu a rumfa ɗaya. Bara wani kamfani da ke kai wa gidajen abinci kaya a ɓangaren Lekki suka fara saye a hannuna, mai yi musu sayayya yaro ne da ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ni, shi yasa ma na saki jiki. Sau biyu na farko kuɗi hannu, alat ya shigo kafin mota ta tashi. Daga nan aka koma a kai kaya a biya bayan sati, kun dai san yadda ake shigo da mutum. Lodi uku na ba su, jimla naira miliyan 3 da dubu 400, suka biya miliyan 1 da rabi, saura miliyan 1 da dubu 900 ta maƙale wata biyar. Yau akanta baya nan, gobe oga ya yi tafiya, jibi banki ne ya riƙe. Ni kuma mutanen da suka ba ni kaya a gida amana suna kira safe da yamma, wallahi akwai daren da ban runtsa ba.

Da ɗan kasuwa ne ɗan'uwanmu ai magana ta ƙare, shugabannin kasuwa za a kai wa, a zauna a yi sulhu, ko don kunya mutum ya biya. Amma kamfani ina ruwansa da shugaban ƴan albasa. Kawu yace in bar wa Allah, kuma ba laifinsa bane, shi abin da ya sani game da lauya shi ne ka shiga da bashin miliyan biyu ka fito ka kashe uku, shekara huɗu kana sintiri a kotu. Kuma ba mu da takarda ko ɗaya da aka sa hannu, duk cinikin a WhatsApp aka yi shi, rabi rubutu rabi saƙon murya.

Wani abokina mai sayar da waya a Ikeja ne ya turo min lambar ofishin. Yace gwada, ba sai ka je ba ma.

Abu na farko da ya ɓata min rai tun a nan ne. In ka yi musu magana ba mutum ne ke amsawa ba, inji ne, kuma Turanci kawai yake ji. Ya jero maka tambayoyi, danna 1 in bashi ne, danna 2 in haya ce, haka dai. Na yi masa sallama da Hausa ya maimaita min tambayar nan sau uku. Ni na yi sakandare na iya lallaɓawa, amma Kawu ko mutum tara cikin goma na rumfunanmu a nan za su ajiye waya su ce abin ba namu bane. Na faɗa musu wannan baki da baki daga baya, kuma har yanzu ina nan a kan bakana, in kana son Hausawan Legas su zo maka, ƙofar farko bai kamata ta zama da Turanci zalla ba.

Bayan na wuce injin sai aka ba ni lokaci, washegari ƙarfe huɗu, kiran bidiyo na minti talatin a kan naira dubu 5. A cikin rumfa na zauna a kan buhu na yi magana da Barista, mace ce Bayarabiya, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, ba ta da girman kai ko kaɗan. Ku lissafa kawai abin da zan kashe da na tashi daga Mile 12 zuwa ofis a gosulon Ikorodu Road, ga rumfa a rufe rabin yini. Ta saurare ni tas, sannan ta yi min tambayar da ban zata ba, wai wayar da aka yi hirar da ita tana hannuna, ban canza ba, ban goge komai ba? Nace tana nan. Tace toh Alhaji kada ka sayar da ita, kada ka ba yaro ya yi mata filashin, wayar nan ita ce shaidarka.

A nan ta min bayanin abin da ban taɓa sani ba, kuma shi ne babban dalilin da yasa nake wannan rubutu. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a matsayin hujja a kotu, da sharaɗin a haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da ya fito daga ciki da cewa tana aiki daidai a lokacin. A 2023 kuma aka yi wa dokar gyara aka ƙara faɗaɗa ta, har da sa hannu na lantarki da yin rantsuwa ta bidiyo. Wato duk wannan hira da muke yi a WhatsApp, "an sauke buhu kaza", "zan turo ranar Juma'a", da alat ɗin banki, ba iska bane kamar yadda muke ɗauka. Mu nan muna ganin in babu takarda mai tambari shikenan kuɗi sun tafi, mutane nawa suka haƙura da haƙƙinsu a kasuwar nan saboda wannan tunanin, Allah kaɗai ya sani.

Sai aka ce in turo komai. Na fitar da hirar gaba ɗaya ta wata bakwai, saƙon murya sun fi ɗari da arba'in, da hotunan takardun direba da bayanin asusuna na banki. A raina nace wannan sai sun yi sati biyu suna saurare. Washegari da azahar aka turo min jadawali, kowane lodi da ranarsa da yawan buhu da farashi da abin da aka biya da abin da ya rage, kuma a gefen kowane layi an sa ranar da lokacin saƙon da ya tabbatar da shi. Har wani saƙo da ni kaina na manta da shi suka tono, inda yaron ya rubuta da hannunsa cewa sun san saura 1.9 kuma za su biya ƙarshen wata. Barista tace ƙirƙirarriyar basira ce ta yi aikin, wadda ake ce wa AI, ita ke juya murya zuwa rubutu ta fassara ta jera, aikin da a da sai an sa ƙaramin lauya ya kwana uku a kai kuma ni zan biya kuɗin kwanakin. Gaskiya abin ya burge ni matuƙa, ban taɓa ganin cinikina a tsare haka ba, ko a littafina.

Amma fa ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Da yamma sai ga kiranta, ba saƙo ba, kira. Tace Alhaji akwai abin da bai hau ba, injin ya nuna lodi huɗu, na huɗun buhu hamsin, amma takardun direba uku ne kuma kai ma uku ka ce min. Ta kunna min saƙon. Muryar Kawu ce, ranar da bana nan shi ya yi wa yaron magana da wayata, yana cewa "na ba da jaka hamsin, ka saka a lissafi". Jaka hamsin a bakin Kawu naira dubu 10 ce, kuɗin ƴan dako, don su dattawa har yau da jaka suke lissafi, jaka ɗaya naira 200. Shi kuwa injin da ya ji jaka sai ya ɗauka jakar zuba kaya, ya mayar da ita buhu hamsin na albasa, ya ƙirƙiro lodin da ba a taɓa yi ba, ya ɗora min kuɗi masu yawa a kan abin da nake bi. Ku duba fa. Da ta ɗauki jadawalin nan yadda yake ta sa a takarda na je na rantse a kai, lauyan kamfanin abu ɗaya zai yi, ya nuna wa alƙali cewa na yi ƙari, daga nan hatta gaskiyata ta miliyan 1 da dubu 900 ta shiga shakka, ga kuma alhakin rantsuwa a kan ƙarya wanda ya fi min komai nauyi. Jikina ya yi sanyi sosai a ranar.

Ita ba ta jin Hausa, amma ta lura lissafi bai yi daidai ba, ta tsaya ta bincika. Bayan nan ta sa wata yarinya mai bautar ƙasa a ofishin, ƴar Zariya, ta zauna ta saurari duk saƙonnin Hausa ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da abin da injin ya rubuta. Suka sami kurakurai da dama, yawanci ƙanana, wani wuri ya rubuta sha biyar maimakon sha tara, wani wuri da hayaniyar kasuwa ta yi yawa sai kawai ya cike gurbin da maganar da ba wanda ya faɗa. A Turanci da Turancin buroka bai cika kuskure ba, a Hausa ne yake tuntuɓe, musamman Hausar kasuwa da ta mutanen Sakkwato da Kabi. Wannan ya ƙara kwana biyu a aikin, kuma ba su caje ni ƙari ba, na yaba musu a nan.

Ranar da na je ofishin da kaina don sa hannu, sau ɗaya kenan kafin kotu, ɗaki biyu ne kawai a saman bene a wajen Ogba. Bango guda cike da littattafan hukunce-hukunce, tace na mahaifinta ne, irin mujalladan nan na Nigerian Weekly Law Reports da marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985. Tace a zamanin mahaifinta in ana neman hukuncin da ya yi kama da shari'arka sai a wuni ana buɗe su, yanzu ita a LawPavilion, wata manhajar binciken hukunce-hukunce, take nema a kwamfuta cikin minti kaɗan. Na tambaye ta toh me zai hana injin ya rubuta komai kawai ke ki huta. Sai ta ba ni labarin wasu lauyoyi a Amurka a 2023, a shari'ar wani fasinja da kamfanin jirgin sama na Avianca, da suka sa ChatGPT ya nemo musu hukunce-hukuncen baya, ya ƙirƙiro musu shari'o'in da ba a taɓa yi ba da sunaye da lambobi kamar gaske, suka miƙa wa kotu ba su duba ba, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Tace duk hukuncin da injin ya kawo mata sai ta buɗe asalinsa ta karanta da idonta, domin hatimin ƙungiyar lauyoyi da ake mannawa a takarda sunanta ne a jiki, in an samu matsala ita za a kira. Wannan maganar ta kwantar min da hankali fiye da duk na'urorin da ke ofishin.

Na kuma tambaye ta wani abu da ya dame ni, muryata da ta Kawu da bayanin asusuna duk sun shiga cikin injin nan, ina suke tafiya, wa ke gani? Ta ce akwai dokar kare bayanai ta 2023 da ta ɗaure su, kuma manhajar da suke aiki da ita ta kuɗi ce ba irin ta kyauta ba, ta nuna min wata takarda da na sa wa hannu tun farko a waya. Gaskiya ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, takardar doguwa ce da ƙananan rubutu kuma an turo min ita ne a lokacin da hankalina ke kan kuɗina, ba wanda ya zauna ya fassara min kafin in danna. Ya kamata a ce tun kiran farko an faɗa wa mutum da baki cewa ga inda maganarka za ta shiga, ka yarda ko baka yarda ba. A cikin hirar nan akwai maganar rashin lafiyar mahaifiyata da na yi wa yaron lokacin ina roƙonsa, ban so ta je ko'ina ba.

Takardar neman biyan bashi ta fita da wa'adin kwana 14, an haɗa mata jadawalin nan da aka gyara. Kamfanin suka yi shiru. Sai muka shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka, wadda ita ma ban san da ita ba duk shekarun nan da nake Legas. A 2018 aka buɗe ta a ƙarƙashin kotunan majistare, don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma tsarinta shi ne a gama shari'a cikin kwana 60, mutum ma zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Barista ta faɗa min haka da kanta, tace in kana so ka tsaya da kanka zan shirya maka takardu kawai ka rage kashe kuɗi. Ni na zaɓi ta tsaya min saboda Turancin kotu daban ne. Gaba ɗaya abin da na biya ofishin, da kiran farko da takarda da tsayawa, naira dubu 215, kuma tun farko aka rubuto min shi, ba a zo daga baya an ce kawo na mota kawo na fayil ba.

Zama na farko lauyan kamfanin ya zo, ya ga jadawalin da saƙon yaronsu da ya amsa bashin da hannunsa, ya nemi a ba su dama a sasanta. A barandar kotu aka yi magana, suka yarda za su biya kashi biyu, aka koma ciki majistare ya rubuta shi a matsayin hukunci. Miliyan 1 ta shigo bayan sati biyu, dubu 900 bayan wata ɗaya. A ranar na tura wa mutanen Aliero haƙƙinsu, Alhamdulillah. Daga kiran farko zuwa alat na ƙarshe wata uku da ƴan kwanaki.

Bari in ƙara da abin da ya faru da ƙanena, don yana da alaƙa. Shi yana haya a Agege, shekara-shekara yake biya, mai gida ya ba shi notis na wata ɗaya wai ɗansa zai yi aure. Yaron ya ɗauki wata manhajar kyauta a wayarsa ya tambaya, ta amsa masa da Hausa mai kyau har da tausaya masa, tace wata ɗaya ya wadatar, ya fara neman ɗaki. Har ya fara haɗa kaya. Nace tsaya mu tambayi Barista. Abu na farko da ta nema takardar yarjejeniyar haya, don tace in an rubuta wa'adin notis a ciki shi ake bi. Babu komai a ciki game da notis. Tace toh dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ce ke aiki, mai biyan shekara notis ɗinsa wata 6 ne, mai biyan wata-wata shi ne wata ɗaya, kuma ko wa'adin ya cika sai an sake ba shi na kwana 7 sannan a je kotu, mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watsa kaya da kansa. Ta ƙara da cewa dokar ba ta shafi Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island ba, amma Agege tana ciki. Manhajar can ba ta tambaye shi ko a wace jiha yake ba, ba ta tambayi ko shekara yake biya ba, ta dai ba shi amsa da ƙarfin gwiwa. Wasiƙa ɗaya Barista ta rubuta cikin ladabi, mai gidan dattijo ne mai mutunci, ya karɓa, yanzu ƙanena yana da lokacin neman wuri a tsanake. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaranmu da yawa a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago yanzu wayar nan suke tambaya komai, kuma tana magana da daɗi ta yadda ba za ka yi zargin ta ɓata ba.

Sauran ƙananan abubuwa, suna turo saƙon tuni kafin kowane zama, wannan ya yi kyau. Duk takarduna suna nan a ajiye a intanet zan iya buɗewa ko yaushe, kuma duk wanda ya tuna yadda aka ƙona babbar kotun Igbosere a watan Oktoba 2020 da fayilolin mutane a ciki ya san amfanin wannan. Amma bayan an gama shari'a sun dame ni da saƙon talla, wai in shiga tsarin biyan wata-wata, sai da na yi magana sau biyu aka daina. Kuma in Barista tana kotu, injin ne kawai zai yi ta amsa maka har yamma, babu wani mutum na biyu da zai ɗauki waya.

In ka tambaye ni ko in je, zan ce je, musamman in bashi ne kuma hujjarka na cikin waya. Amma ka nemi a karanta maka duk abin da injin ya rubuta daga bakinka layi-layi kafin ka sa hannu, in da Hausa kuka yi cinikin ka dage sai mai jin Hausa ya saurara, kuma ka tambayi sunan lauyan da zai manna hatiminsa. Yanzu duk wanda zan ba kaya bashi sai ya rubuto min a WhatsApp yawan buhu da kuɗi da ranar biya, da lambobi ba da murya ba, Barista ce ta tsara min ɗan gajeren rubutun da nake turawa.

Yarinyar nan ƴar Zariya wata mai zuwa take gama bautar ƙasa za ta koma gida, na tambayi Barista wa zai riƙa sauraren Hausa in ta tafi, tace tana nema. Kawu da yace in bar wa Allah shi ne yanzu ya ɗauko takardar filinsa na Ikorodu daga ƙasan akwati yace in kai mata ta duba, ranar Talata za mu je tare, kuma na riga na gaya mata shi ba zai danna 1 ko 2 ba, sai dai a zauna da shi a yi magana.